Awakin Inna da Burodin Kwana Uku

Ban kai talatin ba, amma na fara magana irin ta tsofaffi. In na buɗe baki sai ka ji na ce "a da", "lokacin muna sama", "kafin a rushe". Ƙannena suna yi mini dariya, wai in nemo sanda. Su yi ta yi. Tsoho yakan ce "a da" don shekaru sun janye masa abin da ya sani a hankali, ni kuwa motocin rusau ne suka kwashe nawa ina tsaye ina kallo. Wurin da na yi rarrafe na yi wayo, yau ko tudu babu, don har dutsen da gidan yake kai sun cire. In ka bi da ni ta bayan unguwar Tandabawi a Makka ka nuna mini fili ka ce nan ne, sai in ce maka a'a, sama da nan ne, can inda tattabaru ke giftawa.

Kakata ce ta wajen uba, amma Inna nake ce mata, don a hannunta na tashi. Ana yaye ni Baba ya hau da ni ya ajiye mata, wai kada ta zauna ita kaɗai a ƙololuwar dutse. Shi yana da iƙama, wato takardar zama a ƙasar, ta hannun mutumin da yake yi wa tuƙi, suna zaune da Umma a ƙasa, a Shisha, kuma ta dalilinsa na samu tawa takardar har na gama sakandare. Inna ba ta da ko ƙyallen takarda. Hajji ta zo daga wani ƙauye a ƙasar Kano, mijinta ya rasu a nan, ta ce ba ta komawa ta bar kabarinsa, shi ke nan ta zauna. Duk Juma'a Baba zai hau yana haki, kuma maganarsa ɗaya ce.

"Inna, don Allah ki sauko. Ga ɗaki, ga mukayyif yana ba da sanyi, ga ruwa a famfo."

"In sauko in yi me? In zauna ina kallon bango har a zubo mini abinci?"

"Ai kin yi aikin ya isa."

"Ranar da akuyata ta ƙarshe ta ƙare, ka zo ka ɗauke ni. Kafin nan ka bar ni."

"Na riƙe ki da wannan, Inna."

"Riƙe da kyau."

Dutsenmu mota ba ta hawa. Inda kwalta ta ƙare nan tankar ruwa ke tsayawa, daga nan sai matakala, wata ta siminti, wata sassaƙa ta aka yi a jikin dutsen, tana lanƙwasa tsakanin gidaje. Kowa ya san tsarin ba sai an faɗa ba: masu takarda suna ƙasa kusa da titi, iya nisan hawanka iya ƙarancin takardarka. Mu ne gida na biyu daga ƙarshe. Kuma wahalar hawan nan ita ke ciyar da rabin unguwar. Akwai maza da ba su da sana'a sai kafaɗa: tukunyar gas, jarkar ruwa, buhun shinkafa, firiji a gadon baya an ɗaure da igiya. In tsoho ya yi ciwo, mutum huɗu ne za su sauko da shi a kan kujera. Mata kuwa sun san daidai inda numfashin mai hawa ke ƙarewa, nan suke kafa tirensu, kunu da ƙosai da gyaɗa, ka tsaya hutawa ka ga hannunka ya shiga aljihu. Wasu da asuba suke sauka, masu sayar da hatsin tattabaru a hanyar Harami, masu tsintar gwangwani, masu tura tsofaffin alhazai a keke. Ba wanda ya yi arziki, kada wani ya yi maka ƙarya. Amma ban taɓa ganin wanda ya wuni a kwance don ya rasa abin yi ba.

Abin da na fi kewa ƙara ce. Kiran salla daga ƙasa yake tasowa, masallatai barkatai, wannan ya fara wancan ya bi, sai su taru su hau dutsen kamar hayaƙi. Bayansa sai mai gas yana buga tukunya da sifana, sai taɓarya a gidan mai fura, sai kofaton awaki a kan siminti, ƙwas ƙwas ƙwas. Ina kwance ido rufe nakan san wa ke hawa daga yadda takalminsa ke ja. Yanzu muna hawa na uku a wani bene a Shisha, asansir, wato lif, ke kai mu, kuma shekara nawa ban san muryar matar da ƙofarta ke kallon tamu ba sai kwanan nan. Ba abin da ake ji sai gunjin mukayyif. Wai wannan ne hutun.

Sana'ar Inna awaki ce, kuma a dutsen da ba ya fid da ko tsinken ciyawa. Burodi take ba su. A Makka burodi ba ya ƙarewa, mutane kuma ba sa jefa shi cikin shara, sukan ɗaure shi a leda su rataye a gefen bola ko a kan katanga don mai dabba ya ɗauka. Aikina ke nan kafin makaranta da bayanta, in tattaro in hau da shi. Amma ba a ba akuya burodi yadda ya zo. Sama da gidanmu akwai wani falalen dutse mai faɗi, can ake kai shi. A tsince leda da ƙashi da tsinken sakace, a ware shinkafa a zubar, a baza burodin ɗaya-ɗaya, a juya shi safe da yamma har kwana uku. A rana ta uku Inna za ta ɗauki guda ta kai kusa da kunne ta karya. In ya ce ƙas, ya yi. In ya lanƙwashe ko kaɗan sai ta ajiye ta ce, "Saura." Ko ya bushe ma da tafin hannu take auna musu, ta haɗa da ɗanyar ciyawar barsim da ake sayowa a ƙasa. Daga nan nono ke fitowa. Tana kai wa alhazan gida da suka gaji da shinkafa suna marmarin fura, Larabawa kuma na aiko a saya wa yaro marar lafiya madara. 'Ya'yan awakin ta sayar da layya. Da wannan ta ci, ta sha, ta ɗinka mini kayan makaranta, ba ta taɓa cewa Baba ya kawo ba.

Ni kuwa kwana ukun nan ne ke ci mini rai. "Inna, ai ya bushe." "Saura." "Inna, jiya ma haka kika ce." "Uwar azarɓaɓi, ke ko a ciki wata bakwai kika yi kika fito. Juya shi."

Gida na ƙarshe, wanda ke sama da namu, na Hala Bibi ne. Hala dai haka muke kiran kowace dattijuwa a nan. Ba Bahaushiya ba ce, daga wasu duwatsu take can gabas mai nisa inda ƙanƙara ba ta narkewa, ita ma hajji ta zo ta maƙale. Ita da Inna da guntun Larabci suke hira, kowa na karya nasa, in abin ya cushe su kira ni in warware. Da yamma sukan zauna a bakin falale suna juya burodi, Hala Bibi tana ba da labarin garinsu. Ta ce kwarinsu ƙanƙara ce ta sassaƙa shi tun ba mutane, ta bar shi da faɗin ciki kamar kwamin dabbobi, ta zubar da duwatsu a hanya, su kuma suka tsince su suka yi katangun gonaki hawa-hawa. Ruwan sama ba ya isarsu, narkakkiyar ƙanƙara suke jawowa ta ƙananan magudanai a jikin dutse, ruwa fari kamar an dama gari, kowane gida da ranarsa. In zafi ya shigo mata su kora awaki can sama kusa da ƙanƙarar, su yi watanni suna tatsa suna kaɗa mai suna busar da cuku. Maza su yi dakon kayan baƙin da ke zuwa hawan dutse don nishaɗi. Kowane rufin ɗaki a baje yake da 'ya'yan itacen mishmish ana shanyawa, ana yankan ciyawa ana tarawa, don in sanyi ya rufe hanya ba mai fita, abin da ka busar shi za ka ci, kai da dabbarka.

"Kuma ƙanƙarar tana tafiya, ya Hajja," in ji ta.

Inna ta dube ni. "Tambaye ta da ƙafa nawa."

"Wallahi tana tafiya. Kakata ta ɗora dutse a kanta tana yarinya, da ta tsufa ta same shi can ƙasa."

"Ce mata mu ma a ƙauyenmu akwai rijiyar da ke zuwa kasuwa."

Suka yi ta dariya har Hala Bibi na share hawaye. Shekaru bayan haka malamarmu ta zana kwarin nan a allo, mai faɗin ciki, daidai yadda Hala ta faɗa. Na hau gida a guje na ce wa Inna ashe gaskiya ne. Ta ce, "To, na ji. Ƙanƙara ma ba ta gaggawa, sai ke."

Ina da shekara goma sha uku ko sha huɗu abin ya faru. Kwanakin bayan hajji ne. Inna ta sayar da na sayarwa da layya, saura uku a turke: Kyalla, uwar garken, mai farin goshi, da 'ya'yanta mata biyu. Burodi ya yi yawa har an rasa inda za a sa shi, zafi kuma irin wanda in ka kama ƙarfen ƙofa sai ka saki. Tun safe na hau da buhu uku. Na huɗun wani mai dafa wa alhazai abinci ne ya ba ni, ya kwana a ɗaure, burodi da shinkafa mai maiƙo duk a cakuɗe, da ɗumi, yana tsami. Inna ta ɗauki ƙwaryar nononta za ta sauka ta ce, "Ki tsince shinkafar ki zubar, burodin ki kai falale." Na ce to. A ranar ana lallen yayar wata ƙawata a Utaibiyya, an ce in zo kafin azahar. Na tsaya na dubi falalen can sama yana walƙiya cikin rana, na dubi buhun, na dubi awakin suna miƙo wuya. Abin da na faɗa wa kaina har yau ina jinsa: ai cikinsu zai shiga, ko yau ko jibi. Na zazzage buhun gaba ɗaya a kwami, na wanke hannu, na zura abaya na sauka.

Bayan la'asar na dawo, lalle a hannu bai gama bushewa ba. Tun daga tsakiyar matakala na ji abin da ban saba ji ba, wato shiru daga wajen gidanmu. Mai kunu ta ce, "Yi sauri, 'yar Inna, awakinku." Na iske ɗaya ta riga ta mutu, ƙafafu a miƙe. Ta biyun mai gas ya sauke tukunyarsa ya sa mata wuƙa kafin ta zama mushe. Kyalla, wadda ta fi kowa ci don ita ke ture sauran, tana kwance, cikinta ta hagu ya kumbura kamar ganga, tana cizon haƙora, kumfa na fita a bakinta. Inna na durƙushe tana ɗura mata ruwan kanwa da kwalba. Ba ta ɗago ta dube ni ba. Ni kuwa ba mutuwar awakin ce ta fara zuwa mini ba, maganar Baba ce: na riƙe ki da wannan. Akuya ta ƙarshe ke nan a kwance, kuma da hannuna.

Hala Bibi ta sauko da kwalbar man girki, mayafinta a ɗaure a ƙugu. Ta ɗura wa Kyalla man, ta sa mata guntun icce a baki a gicciye ta ɗaure ta bayan ƙaho don ta yi ta tauna.

"Kada ta kwanta. Ɗaga ta. Kai sama, gindi ƙasa."

Muka ja ta mu uku zuwa matakalar falale, inda ta fi tsayi, muka ɗora ƙafafunta na gaba hawa biyu sama da na baya. Hala ta kama hannuna ta ɗora a kan kumburin.

"Murza. Daga ƙasa zuwa sama."

Na shiga dannawa da ƙarfina duka, ina kuka.

"Shuwayya shuwayya, a hankali, ya binti. Ba wanki kike yi ba."

"Hala, ba ta yin komai. A huda ta mana."

"Ki huda ta ki kashe ta. Murza."

Haka muka yi ta yi. A hau da ita taki ɗaya, a tsaya, a murza. A ƙara ɗaya, a tsaya. Sau biyu gwiwoyinta na lanƙwashewa, Inna na tallabe ƙirjinta tana yi mata magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin jariri: "Tsaya mini, 'yar albarka. Ba yau ba." Matakalar da nake haurawa cikin numfashi goma, ranar sai da rana ta yi ja kafin mu kai ƙarshenta. A bakin falalen Kyalla ta miƙe wuya ta saki wata gyatsa doguwa mai wari, ta sake saki, na ji cikin yana saɓulewa a ƙarƙashin tafina. Hala Bibi ta zauna daɓas a kan dutse tana dariya, ta ce a garinsu haka suke yi in awaki sun afka wa ɗanyar ciyawar farkon bazara. Inna ta ce alhamdulillahi. Sannan ta dubi gefen akuyar, duk lallena ya shafe a jikin gashinta, ta dubi hannuwana. Na jira duka, na jira zagi. Ta ce, "Sau ɗaya ke nan." Ba ta ƙara ba.

Ranar Juma'a Baba ya hau, ya leƙa turke ya ce, "Inna, ina sauran?"

"Ɗaya mun ci, ɗaya Allah ya karɓi abinsa. Ga Kyalla nan a tsaye. Ƙirga ta."

Bai tambayi dalili ba, ita kuma ba ta faɗa ba, har yau. Kyalla ta yi makonni ba nono, Inna ta koma sayar da gyaɗa a matakala kafin ya dawo. Daga baya ta haifi tagwaye, garke ya sake tashi. Ni kuma ban sake taɓa burodi kafin kwana uku ba. Ba haƙuri na koya ba, har gobe ba ni da shi. Tsoro na koya.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne duk wahalar nan ta tsaya mana ne shekaru kaɗan. Wata safiya muka tashi muka ga an bi gidaje da jan fenti, kowace katanga da lambarta. Aka ba da wa'adin rusau. Masu takarda na ƙasa suka san inda za su je su yi magana, na sama kuwa wa za su je wa, da wane suna? Mai gas da masu kafaɗa suka yi makonni suna sauko da kayan mutane, aikinsu mafi yawa kuma na ƙarshe. Hala Bibi ta ce ba ta da ƙarfin neman wani dutsen, ta miƙa kanta ga hukuma aka mayar da ita ƙasarsu. Awakin Inna wani mai ƙaramar motar kaya ya saye su duka, har jikokin Kyalla. Baba bai ce na riƙe ki ba, ya dai tsaya kansa a ƙasa. Aka kawo kujera za a sauko da ita, ta ce wanda ya taɓa ta zai gani, ta sauko da ƙafarta, tana tsayawa a duk inda masu tire suke zama da. Bayan nan injina suka hau. Ƙanƙarar su Hala ta yi zamanai tana sassaƙa dutsensu ta bar musu gona da ruwa da makiyaya. Namu kafin in saba da asansir an gama da shi, kuma ban ga abin da aka bar wa mai gas ba.

Jikan Hala Bibi yakan turo mana muryarta ta waya. Ta ce ƙanƙarar ta ja baya, ba inda ta bar ta take ba, ruwan ma wani lokaci ya yi yawa wani lokaci ya ƙi zuwa. Amma a bayan muryarta ana jin ƙararrawar awaki. Inna ba ta damu da maganar ba, sai ta ce, "Mayar mini wajen awakin." Ita Hala ta samu dutsen komawa. Inna fa? Ƙauyen da ta baro ba wanda ya san ta, ni ko a mafarki ban taɓa ganinsa ba.

To, ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan. Inna ba ta daina shanya burodi ba. Ba akuya, ba falale, amma kullum sai ta sauka ta ɗauko ledojin da maƙwabta suka rataye a gefen bola, ta baza a kan jarida a 'yar barandarmu, ta juya safe da yamma. In ya bushe ta tara a buhu, in buhu ya cika Umma ta san yadda ta yi da shi a ɓoye. Mai gadin bene ya yi ƙorafin kiyashi har ya gaji. Ni ina aiki a wani ɗakin girki da ke dafa wa alhazai, ina dawowa a gajiye in tarar da gida na warin burodi. Na yi ta haɗiyewa. Sai wata yamma matar da ƙofarta ke kallon tamu ta tare ni a bakin asansir, ta miƙo mini leda da shinkafa da kaza, ta ce da Larabci, a tausashe, ta ga tsohuwarmu tana tsintar burodi, mu ci wannan. Ranar na fara jin muryarta. Inna, matar da ba ta taɓa miƙa wa ɗanta hannu ba, ita ake yi wa sadaka a bakin asansir.

Na shiga gida kaina na hayaƙi. Inna na zaune a baranda tana juyawa.

"Inna, wa zai ci? Gaya mini. Ina awakin? Ina dutsen? Mutane sun ɗauka yunwa muke ji."

"Kwanansa biyu," ta ce. "Saura ɗaya."

Na tattare jaridar da abin da ke kanta na cusa a leda, na sauka na wurga cikin bola, cikin sharar kanta, ba gefe ba. Na hau ina huci. Tana nan inda na bar ta, hannuwanta a kan cinya, ba abin juyawa. Ta dube ni yadda ta dube ni a bakin falale.

"Sau biyu ke nan."

Ban jira asansir ba. Na sauka ta matakala, na tura hannu cikin bola har kafaɗa, mai gadi na kallona, na zaro ledar. Na hau na sake bazawa ɗaya-ɗaya. Washegari da yamma ta ɗauki guda ta kai kunne ta karya.

"Ya yi."

"To ya yi. Ina zan kai shi?"

Ta nuna da haɓa ta tsakanin benaye biyu, inda ake hango wani dutse can nesa da gidaje manne a jikinsa.

"Wancan bai faɗi ba tukuna. Inda kwalta ta ƙare ki sauka daga mota ki hau. Ki wuce masu takarda. Gida na ƙarshe ko na kusa da shi, za ki ji su."

Na ce a raina tsohuwar nan za ta kashe ni. Amma ranar hutuna na ɗauki buhun na shiga tasi. Na hau ina haki kamar Baba, ƙafafuna sun manta aikin. Na wuce wata mai kunu a daidai inda numfashina ya ƙare. Can sama na ji ƙwas ƙwas a kan siminti. Wata mata ce ta buɗe, ba tsohuwa sosai ba, Hausarta irin ta Damagaram. Ban yi dogon bayani ba, na ajiye buhun. Ta zura hannu ta ɗauki guda, ta kai kusa da kunne ta karya.

"Wa ya shanya wannan?"

"Kakata."

"Ki gaishe ta. Ta san aiki."

Da na juya zan sauka na ga katangarta. Jan fenti, da lamba, bai ma daɗe ba.

Inna na bakin ƙofa tana jirana.

"Kin same su?"

"Na same su. Guda biyar, da ɗan bunsuru."

"Ta karya a kunne?"

"Ta karya."

"Me ta ce?"

"Ta ce kin san aiki."

Ta gyara zaman ɗankwalinta, ta wuce baranda ta fara baza na gaba. Ban gaya mata maganar fentin ba. Na tsuguna kusa da ita na fara tsince leda.